Gabar Gado a Wasan Almara: Nasiha ga Matasa

Ya ku ƙannena da 'ya'yana masu sha'awar wasan nan na almara, wanda ake zama a kewaye tebur ko a haɗu ta intanet, kowa ya ɗauki tauraro guda ya raɗa masa suna ya ba shi asali da hali, sa'an nan jagoran wasa ya buɗe musu wata duniya ta ƙage mai duwatsu da koguna da birane, su shiga su yi ta fama da abin da suka tarar, ana jefa ƙwaya mai fuska ashirin domin a san wanda ya dace da wanda ya faɗi, ina so in yi muku nasiha a kan wata mas'ala guda wadda ake tsallake ta da gaggawa, alhali kuwa ita ce takan gyara zama ko ta ɓata shi. Mas'alar ita ce: idan littafin wasa ya gaya maka cewa dangin tauraronka da waɗansu mutane abokan gaba ne tun kaka da kakanni, me za ka zuba a zuciyar tauraron nan game da su?

Wanda bai san mafarin abu ba, ba ya iya yi masa hukunci na adalci, saboda haka bari mu fara da asali. Wasan da ya haifi sauran, wato Dungeons & Dragons, ya fito ne a Amurka a shekarar 1974, daga hannun Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin da abokinsa Dave Arneson na jihar Minnesota. Su biyun sun taso ne cikin masu wasan yaƙi, waɗanda ke jera 'yan mutum-mutumin sojoji a kan tebur suna gwabza su bisa ƙa'idoji, kuma Gygax da Jeff Perren sun riga sun wallafa ƙa'idojin irin wannan wasa mai suna Chainmail a 1971. A wasan yaƙi kuwa ba a tambayar dalilin gaba: ga rundunarmu, ga tasu, a kara. Da aka rage runduna ta koma mutum guda mai suna da tarihi, sai gabar ta biyo shi yadda take, ba tare da an tsaya an tambaye ta daga ina ta fito ba.

Al'ummun da ke cikin wannan duniya kuma, mafi yawansu an aro su ne daga littattafan J. R. R. Tolkien, shehun malamin jami'ar Oxford a Ingila, wanda ya wallafa The Hobbit a 1937, da The Lord of the Rings a 1954 da 1955. A can ne aka sami Elfawa, ma'abota daji da tsawon rai, da Duwafawa, gajeru masu haƙar duwatsu da ƙira, da Orkawa, sojojin azzalumin sarki. Har ta kai, a littafin 'yan wasa da Gygax ya fitar a 1978, an zana jadawali na musamman mai nuna matsayin kowace al'umma a wurin 'yar'uwarta, tun daga fifiko da kyakkyawar niyya, zuwa haƙuri da juna da halin ko-in-kula, zuwa ƙyama da ƙiyayya tsantsa. A cikinsa Baduwafe yana ƙyamar Ba'elfe, yana kuma ƙin wanda ke da jinin Orkawa, har ma an ƙara masa maki ɗaya a kan abin da ƙwayarsa ta nuna duk sa'ad da ya kai wa Ba'orke sara. Kun ga ke nan an rubuta ƙiyayya a cikin doka, an kuma yanka mata lada.

Amma wannan hukunci bai zauna daram ba, domin shi kansa Tolkien, mutum mai riƙo da addininsa na Kirista, wanda ya ga yaƙi da idonsa a fagen Somme a Faransa a 1916, ya daɗe yana kai-kawo a zuciyarsa game da Orkawa, yana tambayar kansa ko ya halatta a ce akwai halitta mai hankali da magana wadda aka rufe mata ƙofar tuba ɗungurungum, kuma ya yi ta sake asalinsu a rubuce-rubucensa har ya bar duniya. A 1988 marubuci R. A. Salvatore ya fito da Drizzt, ɗan al'ummar Drow, wato Elfawan ƙarƙashin ƙasa da aka sani da mugunta, wanda ya ƙi halin gidansu ya fito sarari ya yi abota da wani Baduwafe mai suna Bruenor, masu karatu kuwa suka rungume shi, don sun ga albasa ba ta yi halin ruwa ba. A duniyar Eberron, wadda Keith Baker ya tsara ta fito a 2004, waɗansu Orkawa ne suka tsare duniya daga wata babbar musiba tun zamanin dā. Daga baya kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi wasan a 1997, ya ba da sanarwa a 2020 cewa zai riƙa nuna Orkawa da Drow a matsayin al'ummu masu na kirki da na banza kamar kowa, sa'an nan a littafin 'yan wasa na 2024 ya sa Ba'orke cikin jerin taurarin da kowa ke iya ɗauka. Ma'anar wannan duka a gare ku ita ce, hukuncin da jadawali ke yankewa a dā yanzu ya dawo hannunku, kuma duk wanda aka danƙa wa hukunci an ɗora masa amana.

Kada wani ya zaci ina cewa a share gaba daga wasa. Labarin da babu husuma a cikinsa lami ne, kuma tauraron da ke son kowa tun ranar farko ba shi da wata tafiya da zai yi a zuciyarsa. Abin da nake nufi shi ne, ku mai da gabar tarihi, kada ku mai da ita jini. Domin abin da tarihi ya ƙulla, aikin mutane yana iya kwance shi, amma abin da aka ce a jini yake, babu abin da ya rage a kansa sai kisa.

Nasiha ta farko ita ce ku nemi sababi. Kada ɗayanku ya wadatu da cewa, “Mu Duwafawa ba ma shiri da Orkawa.” A tambaye shi: me suka yi, yaushe, kuma wa suka yi wa? Ku dubi yadda Tolkien ya gina tasa gabar, za ku ga kowace tana da tushe mai suna. Yaƙin Duwafawa da Orkawa ya tashi ne saboda Azog Ba'orke ya kashe tsohon sarkin Duwafawa Thrór a Moria ya wulaƙanta gawarsa. Tsamin da ke tsakanin Elfawa da Duwafawa yana komawa ga sarkin Elfawa Thingol, wanda maƙeran Duwafawa suka kashe a kan wata sarƙar wuya mai ɗauke da lu'ulu'u, kowane ɓangare kuma yana da tasa riwayar game da wanda ya fara cin amana. Ko a tarihin Larabawan Jahiliyya haka abin yake: Yaƙin Basusa tsakanin Bakar da Taglib, wanda masu riwaya suka ce ya ɗauki shekara 40, ya faro ne daga taguwa guda da Kulaibu na Taglib ya harbe, Jassasu na Bakar kuma ya kashe shi a kanta, na Dahis da Gabra'u tsakanin Absu da Zubyanu kuwa, daga gardamar tseren dawaki. Sababi yana iya zama ƙarami ƙwarai, har jikoki su manta da shi su riƙe ƙiyayyar kawai, kuma wannan ma abu ne da ya cancanci a nuna shi a wasa. Sai ka tantance tun farko: shin tauraronka da idonsa ya ga an ƙone garinsu, ko kuwa a bakin kakarsa ya ji? Wanda aka yi wa rauni da wanda ya gaji labarin rauni ba su ƙiyayya iri ɗaya. Na farko yana da fuskar da yake nema; na biyu kuwa suna kawai yake ƙi, kuma sau da yawa shi ya fi zafin baki, shi ne kuma ya fi saurin rikicewa ranar da ya zauna da mai sunan.

Nasiha ta biyu ita ce ku auna gwargwado. Tsohon jadawalin nan na 1978, duk da aibinsa, ya fahimci wani abu da matasa da yawa suka kasa fahimta, wato tsakanin so da ƙi akwai matakai. Akwai wanda ke tsoron abokin gaba, akwai mai raina shi, akwai mai zarginsa kawai yana ƙirga kayansa idan sun rabu, akwai mai ciniki da shi a kasuwa amma ba ya cin abincinsa, akwai mai girmama jarumtarsa a fagen fama ko da yake ba zai ba shi 'yarsa ba, akwai kuma wanda a ɓoye yake jin kunyar abin da nasa kakannin suka aikata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi “ina ganinsa zan sare shi” daɗin wasa, domin yana haifar da magana, magana kuwa ita ce jarin wannan wasa. Sa'an nan ku tuna ƙiyayya tana da farashi. A bugu na biyu na wasan, na 1989, an ba tauraron da ke gadin daji ƙarin maki 4 idan yana yaƙar jinsin da ya ƙi, amma an rage masa maki 4 idan mu'amala ta haɗa su, don ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. Wannan hikima ce. Idan ka ba tauraronka gaba, to, ka yarda ta jawo masa asara: ta rufe masa ƙofar da sauran suka shiga, ta sa ya ƙaryata mai gaskiya, ta hana shi barci.

Nasiha ta uku ita ce ku kafa haddi, wato abin da tauraron ba zai aikata ba ko da ƙiyayyarsa ta kai maƙura. A wani tsohon labarin wasa da Gygax ya rubuta, The Keep on the Borderlands, na 1979, jarumai sukan kutsa kogunan Orkawa da makamantansu, su gama da mayaƙa, sai su tarar da mata da ƙananan yara a lungu. Tun daga lokacin kuwa masu wasa ke muhawara a kan abin da ya kamata a yi da su. Ku da kuka yi karatun sira ba ku rasa abin da za ku auna wannan da shi ba, domin kun san wasiyyar da Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi wa rundunarsa, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya, ya kuma hana taɓa masu ibada a wuraren ibadarsu. Kun kuma san ƙa'idar nan ta Alƙur'ani mai girma cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Ba dole ne tauraronka ya zama waliyyi ba, yana iya zama mai kaushin hali da riƙo. Amma ka sani tun kafin a fara: zai kashe wanda ya ajiye makami? Zai ci amanar wanda ya ba shi masauki? Zai bar mai rauni ya mutu da ƙishirwa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ainihin halinsa, kuma gara ka yanke ta cikin natsuwa da ka yanke ta a tsakiyar yaƙi, sa'ad da abokai ke ihu, jini kuma ya ɗau zafi.

Nasiha ta huɗu, wadda na fi so ku riƙe, ita ce ku bar wa zuciyar tauraro ƙofa. Ku dubi, a labarin Tolkien, Gimli Baduwafe da Legolas Ba'elfe. Mahaifin Legolas, sarki Thranduil, shi ne ya taɓa kulle mahaifin Gimli, Glóin, a kurkuku, kuma Glóin bai manta ba, har ya tayar da maganar a majalisar Elrond. Da tafiya ta kai su dajin Lothlórien, masu gadi suka ce sai an ɗaure wa Baduwafe ido shi kaɗai, ya ƙi, har jagoran ayarin, Aragorn, ya yanke cewa a ɗaure wa kowa. Abin da ya fara sassauta Gimli shi ne sarauniya Galadriel ta yi masa magana da girmamawa, ta ambaci wuraren kakanninsa da sunayensu na harshen Duwafawa. Daga nan aka yi ta tafiya, aka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa, har suka yi wa juna alkawari kowa zai ziyarci abin da ɗan'uwansa ke ƙauna, wannan kogunan dutse masu walƙiya, wancan kuma dajin Fangorn. Ku lura da cewa sauyin bai zo dare ɗaya ba, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. Haka Ausu da Hazraju na Madina, waɗanda suka zubar da jinin juna a ranar Bu'asu 'yan shekaru kaɗan kafin Hijira, suka zama Ansaru a hannun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma duk da haka masu sira sun ruwaito cewa wata rana tuna waƙoƙin Bu'asu ya kusa mai da su ga makamai, sai da Manzon Allah ya fito ya tsawatar. Darasin da mai tsara tauraro zai ɗauka shi ne, tsohuwar gaba tana warkewa, amma tana barin tabo mai sosuwa. Saboda haka ka rubuta wa kanka, ka kuma gaya wa jagora a asirce: wane aiki ne idan abokin gaba ya yi zai girgiza tauraronka? Wace magana ce kuma za ta iya mai da shi gidan jiya? Ba wajibi ne ya shiga ƙofar ba, domin labarin wanda ya ga gaskiya ya juya mata baya shi ma labari ne mai ibra. Amma wajibi ne ƙofar ta kasance.

Duk wannan shiri ne na mutum ɗaya, wasan kuwa na jama'a ne, saboda haka nasiha ta biyar ita ce shawara. Masu wannan fanni suna da al'adar keɓe zama guda kafin a fara labari, ba a jefa ƙwaya a cikinsa, sai dai a daidaita a kan irin duniyar da za a shiga da abin da kowa ke so da abin da ba ya so. Tun ran gini tun ran zane. A wannan zama ne ya kamata ka ce, “Tauraron nawa yana da riƙo a kan Orkawa,” domin mai yiwuwa na kusa da kai Ba'orke ya ɗauka. Idan haka ta faru, ku biyu ku zauna ku ƙulla abin tare: ina gabar za ta tsaya, me ya tilasta musu tafiya ɗaya, bashi ne, ko rantsuwa, ko umarnin sarki, kuma ina kuke fatan ta ƙare? Gabar da mutum biyu suka shirya da yardar juna tana daga cikin mafi daɗin abin da ake gani a tebur. Wadda aka auka wa mutum da ita ba shiri kuwa cin zali ce, ko da an lulluɓe ta da sunan wasa. Ku guji uzurin nan da ya yi yawa a bakin masu ɓata zama, wato, “Ai haka halin tauraron nawa yake.” Wa ya ba shi halin? Kai ne. Idan halin da ka ƙaga yana sa ƙanwarka ko abokinka su tashi daga tebur da ɓacin rai, to, gyara ya hau kanka. Waɗansu sukan ajiye kati mai alamar X a tsakiya, dabarar da John Stavropoulos ya fito da ita, duk wanda magana ta yi masa nauyi ya taɓa shi a wuce wurin ba tare da an tuhume shi ba. Ko da kati ko babu, ƙa'idar ɗaya ce: mutuncin wanda ke zaune a gabanka ya fi na wanda ke rubuce a takarda.

A nan kuna da wata taska da masu wasa na waɗansu ƙasashe ba su da irinta, ita ce wasan barkwanci na tsakanin al'ummu. Kun san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Kanawa da Zagezagi: kowa ya ce shi ne ubangidan ɗan'uwansa, a yi ta ba'a a kasuwa da gidan biki, amma ba a fushi, kuma ranar wuya abokin wasa ne ke fara tsayawa. Masana da yawa suna ganin waɗansu daga cikin irin waɗannan alaƙoƙi sun tsiro ne a gurbin tsofaffin yaƙe-yaƙe da jayayya, kuma hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya a 2014. To, me zai hana Baduwafenku da Ba'elfenku su zama abokan wasa irin wannan, yaƙin kakanninsu ya koma tsokana mai ƙa'ida, wadda kowa ya san inda take tsayawa? Wannan matsayi ne da babu shi a jadawalin Gygax, ku kuwa kun tashi kun tarar da shi a ƙofar gida.

Amma ga gargaɗi mai nauyi. Kada ku kuskura ku ɗauki wata ƙabila ta haƙiƙa, ko wani addini, ko masu wata sana'a, ku sa musu rigar dodanni, ku ba su karin harshensu da tufafinsu da sunayensu, sa'an nan ku ce wasa ne. Babban dalilin da ya sa aka yi ta sukar tsohuwar siffar Orkawa shi ne, kalmomin da aka siffanta su da su sun yi kama da waɗanda 'yan mulkin mallaka suka siffanta mutanen da suka mamaye. Mu da muka ga abin da asabiyya ta jawo a garuruwanmu, muka san gidajen da har yau ba su daina makoki ba, bai kamace mu mu mai da tebur makarantar koyon raina maƙwabci ba. Harshe yana sabawa da abin da ake maimaita masa, zuciya kuma tana bin harshe.

Kai kuma jagora, naka nauyin ya fi na kowa, domin kai ne bakin dukan waɗanda ba su da ɗan wasa. Idan duk Ba'orken da ka fito da shi mai gatari ne yana kururuwa, to, kai ka yanke wa 'yan wasanka hukunci, ka kuma toshe ƙofar da suka bari. Ka nuna musu makiyayi da ungozoma da mai waƙa; ka bar su su ji yadda ake ba da labarin yaƙin nan a ɗaya ɓangaren, inda jarumin kakanninsu shi ne dodon da ake tsorata yara da shi. Ka kuma bar mugu ya zama mugu saboda aikinsa, a yaƙe shi ba tare da shakka ba, domin adalci bai hana a tsaya wa azzalumi ba. Abin da ya hana shi ne a hukunta ɗansa a madadinsa.

Wannan wasa, ya ku ƙannena, yana ba ku damar da rayuwa ba ta cika bayarwa ba: ku shiga zuciyar mai ƙiyayya ku ga yadda take aiki, ku ɗanɗani daɗinta da ɗacinta, sa'an nan ku fito ba ku zubar da jinin kowa ba. Wanda ya saba tambayar tauraronsa mene ne sababi, ina gwargwado, ina haddi, ina ƙofa, da wuya ya kasa yi wa kansa waɗannan tambayoyi ranar da wani ya zo masa da labarin cewa mutanen unguwa kaza ko ƙabila kaza maƙiyansa ne tun fil'azal. A wannan rana kuwa babu ƙwayar da za a jefa, babu jagoran da zai ce a sake, kuma abin da hannu ya aikata za a tambayi mai shi a gaban Ubangiji. Allah ya sa ku zama mabuɗan alheri, ya tsare zukatanku daga gabar da ba ku san mafarinta ba. Amin.